Kafin Wake Ya Yi Fure

Bokitin mayonez ne, fari. Abdul'aziz ya huda gindinsa da ƙusa, ya cika shi da baƙar ƙasar da ya sayo a kanti. Ranar Lahadi ce, takwas ga watan Maris, jakarsa tana jingine a bakin ƙofa. A Paris ya samu aiki, matarsa Hamdiya da 'yarsu Ni'ima kuwa suna Bron, a gefen Lyon, hawa na huɗu, don haka duk sati biyu yake hawo jirgin ƙasa ya kwana biyu ya koma. A wannan karon Ni'ima ta riƙe masa ƙafar wando ta ƙi saki. Shekararta biyar, ta fara gane cewa "jibi" a bakin manya ba shi da ranar zuwa.

Sai ya shiga kicin ya ɗebo ƙwaya biyar daga waken da yake kawo musu daga shagunan unguwar Château Rouge a Paris. Ya tsuguna, ya kama ɗan yatsanta yana yin rami da shi a cikin ƙasar.

"Kin ga waken nan? Kullum ki ba shi ruwa kofi ɗaya. Kafin ya yi fure na dawo."

"In ya riga ka fa?"

"Ba zai riga ni ba. Wake malalaci ne, ya fi Mamanki son barci."

Hamdiya ta jefe shi da tsumman goge tebur. Ya kauce yana dariya, ya saɓa jaka, ya sauka.

Kwana tara bayan haka aka rufe ƙasar saboda annoba. Da ya so, da ya samu jirgin ƙarshe, amma tari ya riga ya kama shi, ya ce ba zai kwaso ciwo ya kawo wa yarinya ba. Ya ci gaba da zama a ɗakin Malam Chaibou, mutumin garinsu Damagaram da yake sauka a wurinsa. Bayan sati biyu aka kai shi likita. Ranar shida ga Afrilu da hantsi Malam Chaibou ya kira Hamdiya. Ya gaishe ta, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi Ni'ima, ya sake komawa kan gajiya. Tun daga tsawon gaisuwar ta nemi kujera ta zauna.

Doka ta yarda ta je jana'iza. Amma wa za ta bar wa Ni'ima? Ko kuwa ta ɗauke ta su shiga jirgi a tsakiyar ciwon da ya ɗauke ubanta? Ba ta je ba. A banɗaki ta kalli binnewar ta wayar da Malam Chaibou ya ɗaga mata, ta buɗe famfo yana zuba don kada a ji ta. Mutum shida ta ƙirga, kowa da takunkumi a fuska, kowa nesa da ɗan'uwansa. Da aka gama ta wanke ido, ta fito ta soya wa Ni'ima ƙwai.

Ta yanke shawara a ranar, kuma ba da wasa ta yanke ba. Ba za ta faɗa wa yarinyar ba sai an buɗe gari. Ɗaki biyu ne gare su da ɗan balkon, wato baranda. Babu lekol, wato makaranta, babu ƙawaye, babu wata goggo da za ta ɗauki Ni'ima ta zaga da ita in kuka ya ci ƙarfin uwar. Labari irin wannan yana son gida cike da mutane. Don haka ta ce wayar Baba ta lalace, masu gyara kuma duk sun rufe. Ni'ima ta yarda, don ta ga da idonta komai a rufe yake.

Umman Hamdiya ta kira daga Damagaram tana lissafa mata abin da mai takaba take bari: kwalli, turare, ɗan kunne, fita babu dalili.

"Umma, nan garin duka takaba yake yi," in ji Hamdiya. "Ko ni ban fi su zaman ɗaki ba."

"To yawon nan da na ji kina yi da rana fa?"

"Na yarinya ne. In ba ta taka ƙasa ba, ba ta barci."

Umma ta ce, "Allah ya jiƙan shi."

"Amin."

Maganar kenan da ke fitowa daga wayar safe da yamma. Daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Yamai, daga 'yan gida da ke karatu a Lyon, kowa ya kira da ita yake rufewa. Hamdiya ba ta lura akwai kunne a kusa ba. Hausar Ni'ima rabi ce, sauran rabin Faransancin lekol ya cinye. Ba ta san ana roƙa wa mamaci jin ƙai ba. Abin da ta sani shi ne jiƙa: ana jiƙa wanki, ana jiƙa wake kafin a yi ƙosai.

Wata safiya Hamdiya tana shanya, ta ga yarinyar ta ɗauko kofinta, ta tsuguna gaban bokitin da suka fitar balkon tun da rana ta fara ɗumi. Uku daga cikin biyar sun tsiro, sun kama zaren da aka ɗaura musu suna hawa. Ni'ima ta tsiyaya ruwan a hankali, ta ɗaga hannuwanta biyu kamar yadda take ganin ana yi.

"Allah ya jiƙan shi," ta ce. Ta waiwayo. "Mama, ki ce amin."

Rigar da ke hannun Hamdiya ta faɗi ƙasa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Kowa ma yana faɗa a waya. Har Kaka. Duk sun san da wakenmu." Ta gyara tsugunno da alfahari. "Ki ce amin mana."

"Amin," in ji Hamdiya.

Daga ranar kullum sai an yi haka, kofi ɗaya da addu'a ɗaya, kuma kullum sai ta amsa.

Da la'asar take cika takardar fita, ta rubuta suna da lokaci, ta sa hannu. Awa ɗaya aka ba kowa, kilomita ɗaya daga ƙofar gidansa. Hanyarsu ba ta canzawa. Su bi ta gaban shagon burodi, su tsaya tiram, jirgin cikin gari, ya wuce babu kowa a ciki sai direba, su kai bakin shingen lambun Parilly da aka garƙame, su juyo. Bana kamar da gayya, babu shekarar da gari ya yi kyau irin haka. Itatuwan da ba ta san sunansu da Hausa ba sun yi fari fat da fure, wasu ja-ja, iska tana zubo shi kan motocin da aka daina tuƙawa. Ni'ima tana tsintar na ƙasa tana cika aljihu.

"Nasu duk sun yi, namu bai yi ba."

"Nasu 'yan ƙasa ne. Namu baƙo ne, sanyi yake ji."

"Kamar ke."

"Kamar ni."

Kwana biyu kafin azumi Hamdiya ta ga tohon farko. Ɗan kore ne, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, a maƙale tsakanin ganye da kara. Ta girma a gidan da ake shuka wake a bayan katanga, ta san abin da take kallo. Ni'ima tana barci. Ta daɗe a tsaye, sannan ta sa farce ta tsinke shi.

Ta kasa jefar da shi a shara. Ta zura shi a aljihun rigar sanyin Abdul'aziz da ke rataye a bayan ƙofa.

Haka ya zama aikinta bayan sallar asuba. Ta fita balkon, ta ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya, ta tsinke abin da ta samu, ta kai aljihun. Ranar farko ɗaya ne. Bayan sati ya zama huɗu, biyar.

"Ba haka ake hana shi ba, 'yata."

Madam Najla ce, tsohuwar 'yar Tunusiya da balkon ɗinta yake manne da nasu, ta leƙo ta saman tukwanen na'a-na'arta. Ita kaɗai a benen ta san abin da ya faru, tun ranar da ta ji kuka ta bango ta ajiye musu kwanon miya a ƙofa ta ƙwanƙwasa ta koma. Da Faransanci take magana, ƙasa-ƙasa.

"Kwana nawa ina ganinki. In kika tsinke ɗaya, uku zai fitar. Shi abin da ya iya kenan."

"Sati biyu kawai nake so, Madam. An ce sha ɗaya ga watan Mayu za a buɗe."

"In an buɗe me zai canza?"

"Mutane za su zo."

"Za su zo, su sha shayi, su tafi. Ke ce dai za ki faɗa mata." Tsohuwar ta tsinko na'a-na'a ta miƙo ta gefen allon da ya raba su. "Ungo, na buɗa-baki. Ni ba zan ce komai ba. Amma yarinyar nan tana ƙirga ganye, na ji ta."

Hamdiya ta karɓa ta yi godiya. Washegari ta tsinke bakwai.

Ranar Alhamis da azahar tana yanka albasa, ta ji mutumin hawa na uku yana faɗa ta taga, wai ruwa yana zubo masa kan shanya. Ta fito ta tarar da balkon ya zama tafki. Ni'ima ta ɗauko butar alwala, ta cika ta juye, ta cika ta juye, ƙasar bokitin ta koma taɓo, rigarta ta jiƙe sharkaf. Ba kuka take yi da murya ba, haƙoranta a cije, hawaye na bin haɓarta.

Hamdiya ta karɓe butar. "Me ya faru? Ba kofi ɗaya aka ce ba?"

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ran nan na manta ban ba shi ba. Ran da muka yi gato. Ban faɗa miki ba." Ta ja numfashi da ƙyar. "Shi ya sa ya ƙi yin fure. Shi ya sa Baba bai zo ba. Ya sani ko? Shi ya sa ba ya kira?"

Ranar gato, kek ɗin da suka gasa, ta kusa sati uku da wucewa. Hamdiya ta lissafa a ranta. Duk kwanakin da take tashi da asuba tana kare yarinyar, yarinyar tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana cin abinci da shi, tana kwana da shi. Ta durƙusa a cikin ruwan ta rungume ta.

"Ba ke ba ce. Kin ji? Wallahi ba ke ba ce. Gobe zai yi fure."

"Ta ina kika sani?"

"Na sani."

Da asubar Juma'a ta yi salla, ta fita balkon, ta ɗaga ganyen. Akwai biyu da suka ɓoye mata a can ƙasa, sun kumbura, bakinsu ya fara haske. Ta mayar da ganyen yadda yake. Ta shiga ciki ta zauna kan tabarmar salla, hannuwanta a cinya, tana jiran gari ya waye.

Furen wake da sassafe yake buɗewa. Ƙarfe bakwai da rabi ta ji ƙafafu a guje, ta ji an ja ƙofar balkon, sai shiru.

"Mama. Mama, regarde, zo ki gani."

Guda biyu ne, farare masu ɗan ruwan shuni, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka ya naɗe fiffike. Ni'ima ba ta taɓa su ba. Ta kalle su, ta kalli uwarta, sannan ta ruga ta ɗauko takalmanta masu fitila, ta zauna a bakin ƙofar gida tana kokawa da maɗaurin.

"Ya riga shi. Zan ce masa wake ya riga shi. Ki cika takarda, mu je gar, tashar jirgi, mu tare shi."

Hamdiya ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ita, bayanta jingine da ƙofar, rigar sanyin nan tana taɓa mata kai. Ta shirya kalmomin tun asuba, da Hausa da Faransanci, amma duk suka watse. Ta kama ƙafar yarinyar mai takalmi ɗaya ta ɗora a cinyarta.

"Ni'ima, Baba ba zai zo ba. Ciwon nan ya kama shi a Paris. Likitoci sun yi ƙoƙari, bai warke ba. Ya rasu."

"Mene ne rasu?"

"Ya mutu. Ya koma wurin Allah. Ba ya dawowa."

"Ko an buɗe jirgi?"

"Ko an buɗe."

Yarinyar ta daɗe tana kallon fitilar takalminta.

"Amma ya ce kafin."

"Ya ce. Da gaske yake nufi, ba ƙarya ya yi miki ba. Ni ce na yi miki ƙarya. Wayarsa ba ta lalace ba. Wakenki kuma ya so yin fure tun tuni, ni nake tsinkewa."

Ta miƙa hannu sama, ta zura a aljihun rigar, ta fito da su a tafinta, sun bushe sun yi baƙi-baƙi. Ni'ima ta taɓa ɗaya da yatsa. Ba ta tambayi dalili ba. Sai can kukan ya zo, irin wanda Hamdiya ta yi sati uku da rabi tana gudu, kuma babu kowa a gidan sai su biyu. Ta riƙe ta. Ta bango ta ji motsin kujerar Madam Najla, an ja ta kusa an zauna.

Rana ta haura sosai kafin Ni'ima ta ɗago kai daga ƙirjinta.

"Masu waya, ba wake suke wa addu'a ba."

"A'a. Baba suke wa. Cewa suke Allah ya ji ƙansa, ya tausaya masa. Ba maganar ruwa ba ce."

Ni'ima ta cire takalmin ta ajiye kusa da ɗan'uwansa. Ta tashi ta shiga kicin. Hamdiya ta ji ƙarar famfo, ta ga ta wuce da kofin a hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ya zube. Ƙasar bokitin ba ta ko bushe daga ambaliyar jiya ba, amma Hamdiya ba ta hana ta ba. Ta bi ta ta tsaya a bakin ƙofar balkon. Furannin sun fara rufewa.

Yarinyar ta tsiyaya ruwan, ta ɗaga hannu, ta buɗe baki, sai ta tsaya.

"Yanzu me zan ce?"

"Abin da kike cewa."

Ta faɗa, muryarta a dishe. Wannan karon ba ta waiwayo ta nemi amin ba, Hamdiya ce ta riga ta.