Ƙwan Fitilar Gidan Orville

"Mu yi ciniki," in ji Orville, yana dafe da shingen da ya raba gidajensu. "Kai ka riƙa kwashe min dusar ƙanƙarar ƙofar gida, ni kuma in daina kiranka a waya."

Maƙwabcinsa Delmar Novak ya jingina da shebur ya kalle shi. "Wannan ciniki ne ko fashi? Ni in yi gumi, kai ka yi shiru, shi ke nan?"

"Ka san tsadar shiruna kuwa? In dabara ta zo min, ƙwan fitilar baranda zan kunna. Ka ga dama ka leƙo, ba ka ga dama ba ka ja labulenka."

"Irin wanda ake zanawa a jarida a saman kan mutum in dabara ta faɗo masa?"

"Shi fa."

Delmar ya ba shi hannu, yana ganin ya ci riba. Tsohon direban tirela ne, kuma tun da matarsa ta rasu ba abin da yake so irin a ƙyale shi da talabijin ɗinsa.

Orville kuwa gyaran injin wanki ya yi har ya tsufa, amma duk layin da dabaru aka san shi. Cewa yake Turanci bai yi rowa ba wajen raɗa musu suna: wadda ka ji a jikinka kawai sunanta daban, wadda ka zauna ka auna ta ka kafa mata hujja daban, sai kuma wadda ke faɗo maka kamar walƙiya kana cikin aski.

"Wacce ce ta ƙone maka gareji?" Delmar ya taɓa tambayarsa.

"Ta biyun. Ta ukun ba ta taɓa ba ni kunya ba."

A wannan hunturun dabara ɗaya tak yake nema. Likita ya faɗa masa zuciyarsa ba za ta kai shi bazara ba. Matarsa Maxine idonta ya tafi, haske da duhu kawai take bambancewa. Ɗansu Curtis, can jihar Arizona mai nisa, har ya samo mata ɗaki a gidan tsofaffi. Ita kuwa ta ce a gidan nan ta san inda kowane cokali yake, a can ko banɗaki sai an ja ta.

Fitilar ta shiga kunnuwa kusan kowace safiya. Delmar zai tsaya a taga ya yi tsaki, ya ce yau dai ba shi ba zuwa, sannan ya zura takalma. Sun ɗaura igiya daga ƙofa zuwa akwatin wasiƙu don Maxine ta riƙa bi, ƙanƙara ta binne ta. Sun haɗa wata ƙararrawa da za ta yi kuka in kofi ya cika, ta yi kukan, Maxine ta firgita ta ɓarar da gahawar a kan kyanwa.

"Ku biyun nan," ta ce tana dariya, "makanta ba ta kashe ni ba, ku za ku ƙarasa ni. Delmar, zauna ka ci kek, kafin ya sake tuno wani abu."

Da ƙafafun Orville suka kumbura, aka sauko da gadonsa falo. Ya ce makunnin fitilar ya yi masa nisa, Delmar ya jawo waya ya matso da shi.

"Ba nan ba. Can, jikin kujerar taga."

"Ai kujerar Maxine ce, dattijo. Hannunka ba zai kai ba."

"Wa ya yi aikin lantarki, ni ko kai? Ɗaura."

Wata safiya Delmar ya ga fitilar, ya tsallako. Ya tarar Orville ya zube sosai, numfashi na yi masa wuya, amma idon nan na ƙyalli.

"Na samu, mutumina. Ta ukun."

"Faɗi mu ji. Me za mu ƙona yau?"

"Ai tuni an gama ta. Yau ba ni na kunna ba."

Delmar ya waiwaya. Maxine na zaune a kujerarta, yatsanta a kan makunnin.

"Ita ta kunna," in ji Orville, "kuma ga ka, ko hula ba ka tsaya sawa ba."

Delmar ya juyo wajen gadon. Ya tuno igiyar, da ƙararrawar, da kek ɗin kowace safiya.

"Tsohon ɗan damfara. Ashe horar da ni kake yi, kamar kare."

"Kare ma ya fi ka saurin koyo." Orville ya lalubo hannunsa. "Cinikin na nan?"

"Na ba ka hannu, ko ban ba ka ba?"

Orville bai kai ƙarshen makon ba. Da hantsi ya cika, Maxine na riƙe da hannunsa ɗaya, Delmar na tsaye a bakin gado da shebur ɗin da ya manta bai ajiye a waje ba.

Bayan an dawo daga coci da maƙabarta, Curtis ya shigo da kwalayen tattara kayan uwarsa ya jera a falo. Washegari yana shan gahawa, yana lallashin uwarsa. "Mama, in kika faɗi fa? Wa zai sani?" Maxine ta danna makunnin kawai. Bai kai rabin kofin ba aka turo ƙofa. Delmar ne da rigar barci a ƙarƙashin kwat, rabin fuskarsa kumfar aski.

"Maxine, lafiya?"

"Lafiya lau. Yaron nan ne ke da tambaya."

Curtis ya kalli kumfar, ya kalli fitilar. "Mista Novak, kullum haka kake yi?"

"Ciniki muka yi da ubanka. Ya cuce ni, amma ciniki ciniki ne."

Da yamma Curtis ya ninke kwalayen ya mayar mota yadda ya kawo su.

In ka tambayi Delmar wa ya ci riba, zai ce Orville: ya samu mai kwashe ƙanƙara, ya bar matarsa a ɗakinta, ya tafi abinsa. Shi kuwa ya rasa zaman shirun da ya saya, ya kuma rasa mai hana shi shirun. Da safe yakan tsaya a taga da kofi a hannu, labule a buɗe, takalma a ƙafa, yana duban ƙwan nan na tsallaken shinge, ƙanƙara na sauka a kansa a hankali.