Matakala Bakwai a Bakin Ruwa

Aaltje ta jingine kekenta a ƙofar gidan tarihi, ta shiga ko rigar ruwa ba ta cire ba. Ranar Litinin hukumar gari za ta rushe matakalar dutsen da ke gaban gidanta, wadda take bi ta sauka ta yi iyo kowace safiya, yau shekara hamsin. An ce in ta kawo shaidar cewa matakalar ta haura shekara ɗari, a bar mata abarta.

Wiebe, mai kula da zane-zane, ajinsu ɗaya tun firamare, kuma tun lokacin bai san sauri ba. Sai da ya zuba mata kofi, ya ba ta biskit guda ɗaya tak ya rufe gwangwani, sannan ya ɗauko zanen.

Aikin fensir ne kawai. Ga bakin ruwan garinsu, gidaje a jere, jiragen masunta uku, can baya hasumiyar coci. A ƙasa an rubuta 1898.

"Dubi ruwan nan," in ji Wiebe. "Mai zanen bai ma zana shi ba, takardar ya bari fara. Amma sai ki ji kamar ki tsoma hannu."

"Kai dai tsoma. Ni matakala na zo gani." Ta sa tabarau ta ƙirga. "Bakwai! Ga su nan ƙiri-ƙiri."

"Janye yatsanki, don Allah."

Ya zare takardar daga firam don ya ɗauki hoto, ya juya ta. A baya akwai rubutun hannu: "An ara wa magini Zwaan, 1934. Majalisa ta ga matakalar mai zane ta yi kyau, ta ce a gina irinta."

Zwaan kakan Aaltje ne. Ke nan matakalar ba ta kai shekara ɗari ba.

"Wato mai zanen nan daga kansa ya ƙirƙiro ta?"

"Halinsa ne. Cocin ma ya ɗan matsar da shi."

"Ashe kakana kwafa ya yi." Abin ya yi mata ciwo, ta kuma rasa da wa za ta yi fushi, duk sun mutu.

Wiebe ya mayar da takardar cikin firam, ya ɗaure bayan da kyau. Ya zauna ya rubuta wa hukumar gari wasiƙa: "A zanen da aka yi a 1898, akwai matakala bakwai a gaban gida mai lamba goma sha biyu." Ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Wiebe! Kai da ko satar amsa ba ka taɓa yi a aji ba?"

"Nuna min kalma ɗaya ta ƙarya a ciki."

Ta karanta sau biyu, ba ta samu ba. Ta ninke wasiƙar ta sa a aljihu, har ta kai ƙofa, sai ta dawo ta sake sa tabarau.

"Matso da zanen nan," ta ce. "Ina ruwan da kake ta faɗa?"