Gishirin Clarrie

Shekara goma sha ɗaya mijina Clarrie yana satar mini gishiri, wai shi a dole ban sani ba. Duk Asabar sai ya haura duwatsun bayan garin Adaminaby ya rangaɗa kira, wata jar goɗiyar daji mai farin goshi ta fito ta lasa a tafinsa. Doka ta hana, amma Clarrie da doka sai a hankali.

Wata Lahadi 'yarmu Narelle, ma'aikaciyar gandun daji, ta zo cin gasasshen rago. Ko rabin faranti ba ta ci ba.

"Baba, wata mai zuwa za a rufe gandun," in ji ta. "Gwamnatin jiha ta ce a rage dawakin. Daga jirgi mai saukar ungulu za a harbe su."

"Ke za ki riƙe bindigar?"

"Kar ka fara, Baba. Kai ma ka ga yadda suka dagule rafuka, ko kwaɗo babu. Amma dokin da ya shiga shingenmu kafin ranar, ana ba wa wanda ya yi rajista. Na cika maka takarda. Sati uku muna zuba gishiri, taka ta ƙi kusantar ƙofa."

"Tana da hankali ne, ba kamar wasu ba."

Na ce, "Tsoho, ajiye cokalin nan ka saurari yarinya."

"Muryarka kaɗai take amsawa," in ji Narelle.

Washegari muka je. Ya tsaya a tsakiyar shingen ƙarfen, ya buɗe tafi, ya yi kiran nan nasa. Ni kaina na rasa me zan roƙa, ta zo ko kar ta zo. Ta zo. Ko waiwaye ba ta yi ba, ta shiga ta sa baki a hannunsa. Narelle ta ja ƙofa tana hawaye.

Sauran garken ba mu sake ganinsu ba. Ita kuwa tana makiyayarmu, ta yi ɓulɓul, kullum tana can ƙarshen shingen waya tana kallon duwatsu. Tausayin su biyun yana cina.

Yanzu da hannuna nake ba shi gishirin. Duk Asabar sai ya fita ya buɗe tafi ya yi kira. Takan juya kunne ɗaya. Shekara biyu ke nan, ba ta sake zuwa ba.