Libarbar Tsoho Kirkman

Tun zuwan Lauwali birnin Greensboro na Amurka karatu ciwon tara tsofaffin bindigogin hannu ya kama shi. Bai taɓa harba ko ɗaya ba, jera su yake a akwati yana kallo. Amma wadda ta tsaya masa a rai tana hannun tsoho Kirkman, wani Bature a garin Pleasant Garden: libarba ce ta zamanin yaƙin basasarsu, ta yi duhu kamar gindin tukunya. Wannan duhun shi ne darajarta a wurin masu harkar. Wanda ya kankare shi ya mayar da ita ƙarfen banza.

Shekara da shekaru Lauwali na zuwa gaida tsohon duk Asabar, yana yanke masa ciyawa, yana sauraron labaran da ya riga ya haddace. Sai tsautsayi ya sa ya je da Surajo, sabon ɗalibi ɗan unguwarsu da ya sauka a ɗakinsa na High Point Road. Surajo ko bakin bindiga bai bambance da gindinta ba, dariya kawai ya iya. Dariyar nan ta shiga ran tsoho. Da tsohon zai koma gidan 'yarsa da zama, sai ya ɗauki libarbar ya danƙa wa Surajo, a gaban Lauwali.

Lauwali ya ce “Masha Allah” a baki kawai. Baƙin ciki ya ci shi ƙwarai. Abincin kirki ma ya daina ci.

Wata safiya Surajo ya same shi a kicin.

“Yaya Lauwali, bindigar nan duk ta yi dauɗa. Da me ake wanke ta?”

Kalma ɗaya ta ishi Lauwali ya hana ɓarnar. Ya ƙura wa kofin shayinsa ido.

“Yadda ake wa faranti a gida mana. Soson ƙarfe da lemon tsami. Ka dirje ta sosai.”

Ya wuce makaranta yana jin wani sanyi a ransa. In shi bai samu ba, kowa ma ya rasa.

Da ya dawo da la'asar, ya tarar da Surajo zaune, yatsunsa duk sun kumbura. Surajo ya durƙusa, ya miƙo masa wani abu a naɗe cikin sabon tawul, da hannu biyu.

“Ai tun ranar na so in ba ka, Yaya. Ina ni ina riƙe abin da ka daɗe kana so? Kunya ce ta hana ni kawo maka ita da tsatsa.”

Lauwali ya buɗe. Libarbar na ƙyalli kamar sabon cokali, har sunan maƙerin ya shafe.

“Ta fita kuwa?” in ji Surajo.

“Ta fita,” in ji Lauwali da ƙyar.