Buhu Shida na Yashi

Shekara huɗu ina kai Umma asibiti duk ranar Talata, wajen gashin ƙashi. Tun da bayanta ya fara ciwo ni ne direbanta, kuma ban taɓa fashi ba. Ƙarfe bakwai da rabi nake tsayawa a ƙofar gida, in naɗe kekenta na marasa lafiya in saka a but, in gyara mata filo a kujerar baya, mu kama hanya. Tafiyar minti arba'in ce, kuma a cikinta nake jin komai na gidanmu: wa ke fushi da wa, wace jika ce ta daina gaishe ta, me marigayi mahaifinmu ya ce mata a mafarki. Mu bakwai ta haifa, ni ne babba, amma wannan hirar tawa ce ni kaɗai.

Motata ta tsufa, ban musa ba. In ta faɗa rami sai ta yi lilo sau uku kafin ta nutsu. Amma na san ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya, ina kauce musu, Umma kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Sai wata Talata zazzaɓi ya kwantar da ni. Auta, ƙanenmu na ƙarshe, wanda ni na koya wa ɗaure igiyar takalmi, shi ya kai ta a sabuwar motar da kamfaninsu ya ba shi. Da yamma na lallaɓa na je gaishe ta, na tarar tana ta fara'a.

"Babba, motar yaron nan katifa ce," in ji ta. "Wallahi barci na yi. Sai da ya tashe ni a ƙofar asibiti."

Na ce madalla, har da murmushi. A raina kuwa na ce, barci? Shekara huɗu ba ki taɓa ko gyangyaɗi a motata ba, ashe ba daɗin hirata ya hana ki ba.

Talatar da ta biyo baya, ina ɗaukar makulli sai ga wayarta. Wai in huta, Auta na hanya. Ta gaba ma haka, da wadda ta bi ta. Ina zaune a shagona na buga takardu, injin kwafi yana ta ƙara, ni kuma ina kallon agogo ina cewa yanzu sun wuce gada, yanzu tana ba shi labarin jikokin. Kishi nake, ba wani suna da zan ba shi. Ina da shekara arba'in da tara, da furfura a gemu, ina kishin yaron da na goya.

Matata ce ta fara ganewa, don ba abin da ke wuce ta.

"An ce kishi kumallon mata," in ji ta tana miƙo min shayi. "Ashe har maza yana tasar musu."

"Wa ke kishi? Mota zan gyara."

"To Allah ya ba motar lafiya, da mai ita."

Washegari na kai motar garejin Kunne. Ana ce masa Kunne ne saboda ba ya fara taɓa mota sai ya saurare ta. Ya danna gefen but da tafin hannu ya saki, motar ta yi ta rawa, ya girgiza kai.

"Shakazobanka sun mutu tun bara, shi ya sa take lilo, sifirin ɗin baya kuma ya kwanta. Na kamfani za a mayar, ko kana son wanda ya fi shi?"

"Wanda ya fi shi."

Ya shiga ɗakin kaya ya fito da samfuri uku na sifirin ya jera a kan benci. Na farko mai laushi ne, yana haɗiye rami ba tare da lilo ba, na masu ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. Na biyu gajere, na samarin da ke son mota ta kwanta a ƙasa su yi ta shan kwana. Na uku kuwa sifirin ne mai kauri kamar babban yatsa, ja wur, na masu kaya.

Kunne yana da wata ƙa'ida da duk masu zuwa wurinsa suka sani. Ba ya ɗaura ko ɗaya sai ya tambaye ka wa kake ɗauka, a wace kujera, a wace hanya. A bayan garejin akwai buhunan yashi a jibge. In ka faɗa masa, sai ya zuba nauyin da ka faɗa a inda ka faɗa, ya auna tazarar taya da jikin mota da tef, sannan ya zaɓa maka. Yakan ce shi ba mota yake yi wa awo ba, mutanen cikinta yake yi wa.

"To, Malam, wa kake ɗauka?"

Na buɗe baki zan ce tsohuwa ce, ba ta fi buhu ɗaya ba, tana zama a baya ta dama. Wallahi maganar tana kan harshena. Sai ga wata doguwar mota fara ta shigo a hankali, ko ƙararta ba a ji, ta tsaya dab da tawa. Auta ya fito da rigar ofis.

"Yaya, sannu. Na je shago aka ce kana nan. Katin asibitin Umma na zo karɓa, sun ce kar mu sake zuwa ba shi."

Katin nan shekara huɗu yana cikin aljihun gaban motata, tare da takardun mota. Na ciro na ba shi. Da ya karɓa ya tafi, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma sai ya tsaya yana kallon ƙarafan da ke kan benci.

"A'a, gyara ake yi? Me ya samu motar?"

Kunne kuma, da bai san dawar garin ba, ya maimaita tambayarsa. "Malam, kai nake jira. Wa kake ɗauka?"

In na ce Umma, na tona wa kaina asiri ke nan. Auta zai gane cewa yayansa ya zo ya mayar da tsohuwar motarsa katifa don ya ƙwace uwa daga hannunsa. Zai yi dariyar nan tasa ta ladabi, wadda ta fi zagi ciwo.

"Kaya," na ce. "Harka ta buɗe. Katan-katan na takarda nake ɗauka yanzu, kullum, but da kujerar baya duka."

Ni da rim biyar na takarda ke kai ni mako.

"Masha Allah, Yaya!" in ji Auta. "Ai ba ka faɗa mana ba. Allah ya ƙara buɗi."

Kunne ya zaga bayan garejin. Ya kinkimo buhu huɗu ya jefa a but, biyu a kujerar baya, daidai inda Umma ke zama. Motar ta durƙusa har taya ta kusa ɓuya. Ya auna, ya goge hannu a wando, ya ɗaga jan sifirin.

"In haka ne, wannan ne naka."

Auta ya yi sallama ya tafi. Nan ne ya kamata in ce, Kunne, sauke buhunan nan mu yi magana ta gaskiya. Ba kowa a wurin sai ni da shi. Amma na riga na ga motocin biyu a jere, tawa ko kafaɗar tasa ba ta kai ba, sai ga shi Kunne yana cewa jan zai ɗaga ta yatsa uku.

"Sai dai in gaya maka," ya ce. "Wannan da kaya yake laushi. In ba kaya, tsalle za ta yi ta yi da kai kamar ɗan akuya."

"Ba ta rabuwa da kaya."

Ya dube ni ya ɗan jima. Ina jin ya ji wani abu a muryata, don aikinsa ke nan. Amma ya ɗaga kafaɗa ya ɗauko jak.

Da na karɓo ta bayan kwana biyu, na tsaya daga nesa ina kallonta, raina fari ƙal. Ta miƙe tsaf, bayanta a sama. Kafin in isa gida haƙorana sun haɗu sau biyu, amma na ce sabon abu ne, zai saki. Matata ta shiga muka je kasuwa, a tudun rage gudu na farko kanta ya taɓa rufi.

"Wannan ce gyararriyar?" ta ce tana gyara ɗankwali. "Da ba ta da lafiyar ta fi tausayi."

Na kwaso katan huɗu na tsofaffin takardu daga shago na danna a but. Ta ɗan yi sauƙi. Na ce shi ke nan, na sami dabara.

Ranar Talata tun ƙarfe bakwai na isa. Umma na zaune a falo da mayafinta, tana jiran Auta. Da ta gan ni ta yi murmushi, ta ɗauki waya da kanta.

"Auta, wuce ofis abinka. Yayanka ya zo."

Daɗin da na ji, Allah kaɗai ya sani. Na tura kekenta zuwa mota, na buɗe but, sai na yi tsaye. Ban taɓa tunanin keken ba. But ɗin cike yake da katan, keken kuma ba ya shiga ko'ina sai nan. Na gwada mayar da katan ɗin kujerar gaba, biyu suka shiga, amma nauyin gaba ba ya taimakon sifirin ɗin baya. Sauran biyun na ajiye su a barandar Umma.

Shigarta ma sai da aka sha fama, don kujerar ta yi mata tsawo. Na tallafe ta, na gyara filo, muka tashi.

Ta fara ba ni labarin ƙanwata da mijinta, ni kuma ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ramukan duk na kauce musu. Amma akwai abin da ban taɓa lura da shi a hanyar nan ba: facin kwalta, murfin kwalbati, gaɓoɓin gada. Tsohuwar motata tana haɗiye su da lilonta. Wannan kuwa kowanne sai ta miƙa shi kai tsaye zuwa kujerar baya. Kafin mu kai gada labarin ya tsaya a tsakiya. Na duba madubi na ga ta riƙe marfin ƙofa da hannu biyu, idonta a rufe, leɓenta na motsi.

"Umma, lafiya?"

"Lafiya lau. Yi tuƙinka."

Na rage gudu har masu keke suna wuce mu, na baya suna ta danna min ham. A kan gadar, kowace gaɓa sai na ji numfashinta ya ɗauke. Goma sha biyu ne, na ƙirga su. Tafiyar minti arba'in ta kai mu awa ɗaya da kwata.

A asibiti ta kasa fitowa da kanta. Sai da ma'aikata biyu suka taya ni. Likitar gashin ƙashin, wadda ta san mu shekara huɗu, ta taɓa bayan Umma sau ɗaya, Umma ta yi ƙarar da ban taɓa jin ta yi ba.

"Me ya faru? Faɗuwa ta yi?"

"Kwanciya na yi ba daidai ba, 'yata," in ji Umma, ko kallona ba ta yi ba.

Likitar ta ja ni waje. Ta ce yau ba za a iya gashi ba, bayan ya ɗaure gaba ɗaya, sai allura da hutu.

"Abin ya ba ni mamaki," ta ce. "Makonnin nan bayanta ya fara saki, har na fara murna. Duk yadda kuke kawo ta a 'yan kwanakin nan, don Allah ku ci gaba da haka. Kar a canza."

Na ce to.

Bayan allurar ta fara aiki na turo ta a keke zuwa wurin ajiye motoci. Ga motar can a tsaye, ta fi na kusa da ita tsawo. Na tsaya nesa da ita na kasa ƙarasawa.

"Mu je mana, Babba."

"Umma, tun a ƙofar gida kin ga yadda take. Me ya sa ba ki ce in tsaya ba?"

Ta ɗago kai da ƙyar ta dube ni.

"Auta ya gaya min harka ta buɗe maka, har ka gyara mota don ɗaukar kaya. Kwana uku ina murna. Na ce dole in shiga motar nan in sa mata albarka, shekarunka nawa kana wahala a shagon nan." Ta dafa hannuna a kan keken. "Kar ka damu, zan daure mu koma. Ai na yi mata addu'a tun daga gida har nan."

Na juya mata baya kamar mai neman inuwa, na ciro waya. Bugu biyu ya ɗauka.

"Yaya? Kun gama?"

"Ka zo ka ɗauki Umma."

"Subhanallahi, motar ce ta lalace?"

"Motar lafiyarta ƙalau. Ka zo kawai. Kuma daga yau kai za ka riƙa kawo ta."

Ya ce ga shi nan. Na ja keken zuwa gindin wata bishiya na tsuguna kusa da ita. Ko a lokacin, Allah ya yafe min, ina jin haushin saurin da ya ɗauki wayar.

"Umma," na ce, "ƙarasa min labarin ƙanwata da mijinta kafin ya iso."

"Bari, Babba," ta ce. "Yau ba ni da ƙarfin magana."