Farin Hijabin Shamsiyya

"Ummi, taso ki zo nan gaba," in ji Shamsiyya.

Yau ce ranarta ta farko a matsayin 'yar sa-kai mai koyar da 'yan uwanta a ƙungiyar 'yan matan unguwar Sheshe. Ita da ko a gida sai an ce ta ɗaga murya, kowa ya yi mamaki da ta karɓi aikin. Ba wanda ya san don Bahijja ta karɓa.

Suna aji shida na firamare al'adarta ta fara zuwa, jini ya ɓata mata farin hijabi. Bahijja ce ta nuna wa aji, ta laƙaba mata "Mai jar tuta". Har samarin Ƙofar Mazugal sai da suka riƙe sunan. Daga ranar Shamsiyya ba ta sake taka makaranta ba.

Ga shi yau Bahijja ta rako ƙanwarta Ummi cikin soron da ake taron. Da yarinyar ta sunkuya cire takalmi, Shamsiyya ta hango jan tabo a bayan hijabinta. Yanzu tana zaune jikin bango. Tana miƙewa ta nufo gaba, kowa zai gani.

Ummi ta yunƙura. Nan idon Bahijja ya sauka kan tabon. Ta damƙe hannun ƙanwarta, idanunta sun raina fata.

"Shamsiyya, don Allah a kira wata. Ƙafarta ke ciwo."

"Au, ashe kin san sunana?"

'Yan mata suka fara juyowa. Shamsiyya ta bar shirun ya yi tsawo, tana kallon gumi na gangarowa daga goshin Bahijja. Daɗi ya ratsa ta har ƙashi. Sai ta dubi Ummi, wadda ke ta murmushi don an zaɓe ta, ba ta san komai ba.

Shamsiyya ta ƙarasa wurinsu da zanen da ta kawo don gwaji.

"Ku ɗauka kamar jinin al'ada ya zo wa ƙawarku a hanya. Ga abin da za ku yi."

Ta ɗaura wa Ummi zanen ta kan hijabi tun kafin ta gama miƙewa. Aka tafa.

Bayan an watse Bahijja ta matso. "Na gode, ƙawata. Allah ya bar zumunci."

"Ban gama ba tukuna," in ji Shamsiyya.

Washegari da safe ta buɗe ƙasan akwatinta, ta zaro farin hijabin nan. Tabon ya koma ruwan ƙasa, amma yana nan. Ta ninke shi, ta bi lungu har gidan su Bahijja, ta yi sallama.

"Riƙe," ta ce, ta ɗora mata shi a hannu. "Darasinmu na Asabar ke nan. Ke za ki tsaya a gaba ki ɗaga shi, ki faɗa musu sunan da kika sa min."