Sawun da Ya Dawo Gida

"Kashe mini kyandir ɗin nan, maƙwabciya, yana ɓata mini launi."

"Ba zan kashe ba. So kake 'yan unguwa su ce na bar ka ka tafi cikin duhu?"

"Wane duhu? Rana fa tana tsaka."

Veturia ta ƙi kashewa, don a al'adarsu ba a barin mutum ya cika babu kyandir a hannunsa. Ta dai gyara wa kyandir ɗin zama a cikin kofin shayi, ta matso da shi kusa da hannunsa. Tun safe likita ya ja ta gefe a bakin ƙofa, ya ce ta nemo fada daga coci idan tsohon zai yarda. Bai yarda ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne a juyo masa da gadonsa ya fuskanci taga, a kuma kafa masa zanen da yake kai a gabansa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ƙofarta na kallon ta Ilarie Cozma a hawa na uku. Ita ta tare a gidan ne bayan rasuwar mijinta, shi kuwa bai taɓa aure ba. A duk tsawon shekarun nan hirarsu ba ta wuce ta itacen murhu da gishirin miya ba, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba tare da ta sa masa Malam ba.

Hunturu kaɗai yake zanawa. Idan bazara ta shigo sai ya zama kamar maraya, ya yini yana ɗaure yadi a jikin firam, yana wanke burushin da bai yi datti ba. Amma ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, tun da sassafe za ta ji yana jan kujera zuwa taga. Ya sha gaya mata cewa wawa ne kaɗai yake zana dusar ƙanƙara da farin fenti, don ita shuɗiya ce da safe, ruwan toka da rana, da yamma kuma har ja-ja take yi kamar mai jin kunya. Ita dai sai ta ajiye masa tuwon masara da cuku, ta ce ya ci kafin shi ma ya yi shuɗi.

Kowace shekara zane ɗaya yake kai wa ƙungiyar masu zane ta lardi, don baje kolin da suke yi a ƙarshen sanyi. Sau arba'in ya kai, bai taɓa fashi ba. Kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: sai ranar da motar ƙungiya za ta zo, da safe, zai ɗauki mafi ƙanƙantar burushinsa ya ɗiga wata 'yar mace a kan hanyar bakin kogi, ta ba da baya tana tafiya, da jan ɗankwali. Daga nan ya sa hannu. Sakataren ƙungiyar kullum sai ya yi mita, wai ɗanyen fenti ya ɓata masa hannun kwat.

Veturia ta san jan ɗankwalin, don irin nata ne. Ba ta taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Sai dai duk lokacin da nata ya koɗe, takan zaga kasuwa har ta samo irinsa sak. Kuma ko da yake hanyar coci ta fi kusa da kasuwa, ta bakin kogi take bi duk hunturu, a hankali, ba ta waiwaye.

Bana kuwa ba ta bi ba. Tun watan Nuwamba da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, tana ɗakinsa, tana hura murhu, tana riƙe masa farantin fenti idan hannunsa ya ɗauki rawa.

Ta dubi zanen. Ga kogin ya daskare, ga itatuwan nan tsirara, ga hanyar, fayau, babu kowa a kanta. Sai sawun ƙafa da ya taso daga can nesa ƙanana, yana ƙara girma har ya zo ya ɓace a ƙasan yadin, daidai inda ƙofar gidansu take. Zuciyarta ta yi nauyi. Ta ce idan yana so ta tallafe masa gwiwar hannu ya ɗiga matar, tun yana da sauran ƙarfi.

Ya girgiza kai a kan matashi.

"Na gama shi. Bana ba ta tafi ba, tana ciki."

Ta sunkuyar da kai tana gyara bargon da ba ya bukatar gyara. Da ta tuna masa sa hannu, sai ya ce gobe, yanzu ya gaji. Wajen ƙarfe uku na yamma, lokacin da hanyar ta fara yin ja-jan nan nasa, numfashinsa ya canja. Ta sa masa kyandir a tafin hannu, ta rufe yatsunsa da nata. Wannan karon bai yi gardama ba.

Mutum shida ne suka raka shi makabarta, har da masu haƙa kabarin.

Ranar Alhamis motar ƙungiya ta zo kamar yadda ta saba. Sakataren, Malam Pârvu, ya cire hula a bakin ƙofa, ya yi ta'aziyya, ya taka a hankali cikin ɗakin da har yanzu madubinsa ke lulluɓe da baƙin ƙyalle kamar yadda suke yi a gidan makoki. Ya daɗe a gaban zanen. Sannan ya yi ajiyar zuciya, ya ce abin tausayi, ajali bai bar tsohon ya ƙarasa ba: babu matar, babu sa hannu. Dokarsu kuwa ba ta yarda a rataye aikin da ba a gama ba. Za su dai sa sunansa a bango, da baƙin zare.

"An gama shi, ɗana," in ji Veturia.

"Inna, duk lardin nan an san zanen Cozma da jan ɗankwali. Wa zai gaya wa kwamiti an gama?"

Ta tambaye shi yaushe kwamitin zai zauna. Ya ce Asabar da hantsi, a babban birnin lardi, amma shi ba zai ɗauka ba, kada a ce ya karya doka don sanayya. Ya mayar da hularsa, ya ƙara ba ta haƙuri.

Veturia ba ta taɓa zuwa baje kolin ba, ko sau ɗaya. Kunya ce take hana ta, kada wani ya dubi bango ya dube ta. Ta tsaya tana jin takunsa yana sauka a matakala, ɗakin ya yi tsit, sai warin fenti da murhun da ya huce. Ta shiga ɗakinta, ta kwance baƙin ɗankwalin makoki, ta ninke shi a kan gado. Ta buɗe akwati ta ɗauko jan, ta ɗaura.

Ta leƙa ta saman matakala. Malam Pârvu yana hawa na ɗaya, ya ɗago kai, ya tsaya cak da hannunsa a kan ƙarfen matakalar.

"Ka ce musu su bar masa gurbinsa a bango," in ji ta. "Ranar Asabar ni zan kawo shi da kaina."